Kujerar Bayan Babur ɗin Tela

Tela ya tsufa a kan keken ɗinki. Sai da furfura ta gama cinye kansa ya sayi babur, wai zai je bakin tafki ya kafa tanti. Mutumin da ko lungu zai shiga sai ya sauke ƙafa biyu yana ja kamar agwagwa!

Matarsa ce mai son tafiyar. Shekara da shekaru tana roƙon ya kai ta ta ga ruwa, yana cewa bari ya gama ɗinkin mutane. Ɗinki bai ƙare ba, ita ta rasu.

Ranar shiri ya jibge tanti, bargo da tukunya duk a kan tankin mai, har kan babur ya ƙi juyawa. Kujerar baya kuwa wayam, ya goge ta tas.

Makaniken da ya zo duba masa babur ya riƙe baki. "Baba, asibiti kake marmari? Mai da kayan nan baya. Ko amarya za ka ɗauka ba mu sani ba?"

Tela ya daɗe yana murza igiyar ɗaure kaya. "Babu kowa," in ji shi.

Ya mai da su baya. Da ya hau, bargon ya jingina da bayansa. Bai tayar da babur ba tukuna. Sai da ya ɗan matsa gaba, yadda ake yi wa mutum wuri.