Madu Mai Kiwon Allura

Duk wanda ya san filin folo, wato ƙwallon dawaki, na Maiduguri ya san Allura, goɗiyar Alhaji Abdulsalami, wadda ke kutsawa tsakanin dawaki kamar ba ta da haƙarƙari. Har daga Kaduna ta ciwo kofuna. Amma tambayi 'yan kallo wa ya shekara goma sha ɗaya yana sharce mata gumi, yana naɗe mata ƙafafu, sai ka ga ana kallon-kallo. To, Madu ne, mutumin unguwar Gwange, siriri mai ɗingishi, ɗingishin ma ita ta ba shi da harbi ɗaya.

Da gari ya rikice, Alhaji ya kwashi iyalinsa sai Abuja, ya ce Madu ya riƙe masa amana na sati biyu. Sati biyun nan shekara uku ya zama. Ga shi an hana hawan doki, daji kuma ba ya shiguwa balle a yanko ciyawa. Madu ya kawo goɗiya gidansa ya ɗaure a gindin dalbejiya. Dokin folo kuwa in bai motsa ba ƙafafunsa kumbura suke yi, don haka kullum sai ya zagaya tsakar gida da ita sau ɗari, matarsa Rashida na janye tukwane tana mita. Harawa ta yi tsada, ya koma bin masu gasa masara yana roƙon ɓawo. Ranar da Allura ta cinye waken ƙosan Rashida, kwana biyu ba a yi masa magana a gidan ba.

Abin da ke ƙona masa rai wayar Alhaji ce. Ta ci? Ta rame? Yaya kofato? Ko sau ɗaya bawan Allah bai taɓa cewa yaya iyali ba. Sai Madu ya kashe waya ya yi tsaki, ya ɗauki buroshi ya koma wurinta, don duk duniya ba abin da yake so kamarta.

Rannan sai ga mota Alhaji ya turo a kai Allura Kaduna. Madu ya ƙulle kayansa a buhu, a zatonsa ai ba mai raba su. Allura ta ƙi hawa, direba ya ja, ya yi zagi, a banza. Sai da Madu ya shige gaba yana lallashinta da Barbarci, ta bi shi salin-alin.

Yana neman wurin zama, direba ya nuna masa takardar wuce shingen sojoji.

"Baba, doki ɗaya aka rubuta, sai ni. Alhaji ya ce ya samu wani mai kiwon a can."

Madu ya sauko da buhunsa. Sai da mota ta kai kwana ya tuna bai gaya wa kowa cewa ba ta shan ruwa a bokitin ƙarfe ba. Ya bi bayanta yana ɗaga hannu, direba bai tsaya ba.