Ranar da Husaini Ya Kwanta, Hasan Ya Tsallakar da Ni

Ko na tsufa haƙora suka zube, ranar jajibirin bak ɗina, jarabawar gama sakandare, ba ta fita raina, wallahi. Na je ƙauyenmu bayan Ibohamane in karɓi addu'ar inna, da niyyar in koma Keita da la'asar, don gobe da safe ake shiga sal ɗin jarabawa. Sai ruwa ya wuni yana zuba bisa duwatsu. Kori ya cika, barajin da ke tare ruwansa ya tumbatsa ya cinye hanya. Ba moto, ba kabu-kabu. Shekara uku ta lise tana can ƙetare, ni ina nan riƙe da kwanbokasiyo, takardar shiga jarabawa, cikin leda.

Abu ɗaya ya rage: jirgin masunta mai mote, wato inji, wanda wani poroje na raya karkara ya bari. To mu 'yan Adar, mutanen dutse, me muka sani da jirgi? Matuƙin ma bara ya koya. Mu shida muka shiga, har da wani tsoho mai gyaran motopom, injin ban ruwa na masu albasa.

Moten nan yana da buto biyu na dannawa a hannu: ɗaya ya ɗaga ƙafarsa mai fanka sama saboda duwatsun bakin ruwa, ɗaya ya sauke ta. Aka tura jirgi da gora, matuƙi ya danna na saukewa. Ƙas! Shiru. Ya sake. Ƙas! Fanka tana sama tana shan iska.

Ni ɗan seri D, ajin kimiyya, nan take na zaro telehon, yatsa na gudu in nemo amsa a intanet. Rezon waya ko sanda ɗaya babu. Na ce, "Batiri ne, na rantse!"

Tsohon ya dube ni. "Ɗan lakkwal, aje madubin ga ka buɗe kunne. Direba, taɓa na sama."

Ya taɓa, mote ya yi wuuu.

"To, mushe, batirin da ya mutu shi ka wannan kuka?"

Jirgi ya kwashe da dariya. Na so ruwan ya haɗiye ni. Tsohon ya sa aka duba fizibil, wato fis, lafiya lau. Ya ce da man da ke motsa ƙafar ne ya ƙare, da an ji kuka ba motsi, amma nan ko kukan babu, ke nan wuta ce ba ta isa. Ya cire murfi, ya bi waya da yatsa har ya kai ga wasu 'yan akwati biyu baƙaƙe, iri ɗaya sak.

"Ga tagwaye. Hasan na ɗagawa, Husaini na saukewa. Husaini ne ba lahiya."

Rele ne fa, masu haɗa wuta da katse ta! Abin da na zana a kaye, littafina na darasin fizik, sau goma, amma ban taɓa ganinsa da ido ba. Ya ce yatsunsa sun yi kauri, nawa na latse-latse su suka dace da lungun. Na zare su, na musanya masu wuri.

"Danna."

Wuuu! Ƙafa ta nutse cikin ruwa. Na yi ihu har wata tsohuwa ta ce, "Kai ɗan nan, kihe mu za ka yi?"

Tsohon ya gargaɗi matuƙi cewa yanzu ɗagawa ce ba ta aiki, ya kashe mote nesa da duwatsu. Haka aka yi. Muka dira cikin ruwa har ƙugu, leda a bisa kaina. Kafin in gama matse wando in yi godiya yadda ta kamata, tsohon ya hau amalanke ya yi gaba. Abin da ya ce kawai, "Ka gaida Husaini in ya hito cikin jarabawa."

Bai fito ba, amma ni na fito, admi, na ci tun zagayen farko! Yau ina inibarsite a Tawa, kuma duk lokacin da abu ya yi pan ya daina aiki, hannuna ya nufi aljihu, sai in ji muryarsa. Na koyi in saurara kafin in latsa, in kuma daina auna ilimin mutum da kaye. Baba mai motopom, ko sunanka ban tambaya ba. Allah Ya biya ka, Ya tsallakar da kai ranar da babu jirgi.