Gaisuwar mutuwa a Saint-Fons

Muna idar da sallar asuba muka bar Montreuil, garin Turawan da muke ci-rani, mu huɗu a motar wani Bakano mai aikin tasi. Lyon muka nufa, za mu yi wa wani dattijon Damagaram gaisuwar ɗan ƙanensa da ya rena tun yana yaro. Yaron soja ne, ya rasu a bakin Tafkin Cadi bayan da Nijar da Najeriya da maƙwabtansu suka yarda sojojin kowa su tsallaka iyakar kowa. Ni mutanen foye, gidan da mu ma'aikata ke kwana, suka wakilta in yi magana.

Hanya sumul, gonaki kore shar, shanu kamar an hura su. Sai dai kowace ƙofar biyan kuɗin hanya sai aljihu ya yi kuka. A wurin hutu muka duba kuɗin burodi da cuku, muka dubi juna, muka koma mota muka buɗe dambun naman da muka taho da shi.

A nan bakina ya ja mini. Tsakanin Badamagare da Bakano akwai wasa, ni kuwa Badamagare ne, sai na fake da shi. Na ce wa direban wutar ƙasarsu ce ake tura yaranmu su kashe, nasu sojojin kuwa gudu kawai suka iya. Da farko ya rama, ya ce mu ma da fetur ɗinsu muke tafiya. Na ƙara, na kuma ƙarawa. Daga baya ya daina ramawa, ya mai da hankali kan tuƙi, ni kuma na ɗauka na ci wasan.

Hayaƙin masana'antu da warin magani suka tare mu a Saint-Fons, unguwar dattijon a gefen Lyon. Da muka tsaya ƙofar gidan, direban ya ce mu shiga, shi zai jira a mota.

Bayan addu'a na gyara murya zan fara jawabin da na shirya a kan ɓarnar wannan yarjejeniya. Dattijon ya riga ni.

"An ce akwai ɗan Najeriya a cikinku. Wane ne?"

Ya ce a ƙasar Najeriya yaron ya faɗi. Sojojin can ne suka ɗauko shi, suka yi masa salla, suka rufe shi tare da nasu. Manya sun sa hannu soja ya tsallaka da bindiga, in ji shi, amma ba wanda ya tanadi yadda uwa za ta tsallaka ta ga kabari. Bai san waɗanda suka yi aikin ba. Yana son ya riƙe hannun mutumin ƙasarsu ko ɗaya ne ya yi godiya.

Na sauka na nufi motar. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "Malam, na wuce wasa. Ka yafe mini, Baba na kiranka."

Ya sauke gilashin. Sannan ya ce, "Ƙanena ma soja ne, yana can. Tun kafin azumi ba mu ji muryarsa ba."

Ya fito, muka hau tare. Dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta sa albarka, har da sunan ƙanen direban a cikin addu'a. Jawabina bai fito ba har muka ci shinkafa da miyar kuka muka yi sallama.

A hanyar dawowa na zauna gaba, ina miƙa wa direban kafe yana kurɓa. Har yanzu ban san ko haɗin sojojin nan zai kawo zaman lafiya ba, karatuna bai kai nan ba. Abin da na gani shi ne 'ya'yanmu da nasu rami ɗaya ake sa su. Da muka iso Montreuil ya ce, "Badamagare, gobe ka ci gaba da tsokanar, amma ka bar sojoji." Na ce na bari.