Shunin Rawanin Baba

A shekarar da aka rufe iyaka, motoci suka daina wucewa ta Kongolam, na kai wa yayata hoton mahaifinmu a Baure. Ita ta yi jinyarsa har ya cika, ni ina gabas wajen karatu, kuma abu ɗaya ta taɓa roƙona a kan haka, hotonsa. Guda ɗaya ne a duniya, ɗan ƙarami mai fari da baƙi, na fasfon hajji. Na sa wani mai hoto a Daura ya ƙara masa girma.

Ta kai shi kusa da ido, ta miƙo mini.

"Wannan ba Baba ba ne. Ina shunin?"

Da gaskiyarta. Baba baƙin rawani yake naɗawa, shuninsa ya zauna masa a wuya da ƙasan kunne, wanka ba ya fitar da shi.

Na koma Daura wajen mai hoton. Ya taɓa kwamfuta, hoton duka ya zama shuɗi.

"Ka jefa mini uba a marina," na ce.

"Malam, kai fa ka ce shuni!"

"A inuwa nake so. Goshinsa wankan tarwaɗa ne."

Na ja kujera na zauna. Da ya ga ba tashi zan yi ba, ya buɗe wani wuri ya nuna mini: haske da nasa launi, inuwa da nata, ga ma'auni a tsakani. Nan take na gane, domin haka muke yi a takarda in muna rubuta Alƙur'ani, baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasali, kowa da mazauninsa.

Muka zuba shuni a inuwa, muka ba haske launin soyayyar gyaɗa. Ya yi yawa, Baba ya koma kamar mai ciwon shawara.

"Rage. To, ƙara kaɗan."

"Malam, ko rawanin nan bai sha wahala haka a hannun masu bugu ba."

Aka kira la'asar, muka yi, muka dawo. Ya so ya goge tamojin fuska, na hana. Abin da Allah Ya sa, a bar shi.

Da na koma Baure, Yaya ta fito da hoton tsakar gida, ta daɗe tana kallo. Sai ta shafa babban yatsa a wuyan, ta juya yatsan ta duba.

"Shi ne," ta ce. "Ka fita, auta. Babu sauran hakkina a kanka."