Kawu Ilya da Ƙarar Cokali

Kil-kil-kil. Ƙarar cokali ke nan a cikin kofin shayi, kuma da ita aka fara. Washegarin ranar da Kawu Ilya ya sauka gidanmu a Yamai, ina motsa wa maigidana shayi, sai na ji murya daga ɗakin baƙi, ƙofa ma a rufe:

"Zara! Wa kike shirin kashewa da sassafe?"

Ku da kuka san shi, kun san wannan kunne. Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan Damagaram, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙasar waje yana binciken yadda cuta ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ciwon sukari ne ya cinye ƙafar mahaifiyarsa kafin ya kai ta kushewa, shi kuwa ya rantse sai ya gano hanyar da ciwon ke bi a zuriyarmu, ya tare shi. Ya ce zai zauna da mu kafin ya samu gida. Allah ya jiƙan Kawu, ban taɓa ganin ya fita neman gidan nan ba.

Ɗiyata Mariama ta ci sunan mahaifiyar tasa, don haka Inna yake kiranta, ita kuma ta ce masa ɗana. Ranar da ya fara ganinta ya juya tafin hannunta, ya leƙa idonta, ya ce, "An ɗauke mini Inna sau ɗaya. Wannan idona na kanta."

Na ce, "A'uzubillahi! Kawu, ka daina yi wa yarinya baki!"

Bai ma ji ni ba. Kwalin sukarina yake nema.

Ya kwashe shi ya kai ɗakinsa ya kulle. Baƙo ya zo, in ba shi shayi mai ɗaci kamar saɓara, in sunkuyar da kai don kunya. Maigidana Malam Isa, bawan Allah da ke yini a biro, wato ofis, a unguwar Filato, ya dawo gida ba shi da ikon shan shayinsa. Sai ya yi dabara: ya riƙa ɓoyo ƙwayar sukari a aljihu, ya motsa da tsinken tsintsiya don kada a ji ƙara. Ba a daɗe ba, wata safiya Kawu ya fito da buta a hannu, ya tsaya a kansa.

"Isa, shirun nan naka ya yi zaƙi da yawa. Miƙo kofin."

Sai firigo. Wayyo firigona! Duk layinmu ni kaɗai ke da shi, a shekarun farin nan da ruwan sanyi ya fi nama daraja. Rannan na buɗe in ɗauko fura, sai ga ƙananan kwalabe a jere cike da jini, kusa da ƙwaryar nono. Na yi salati har maƙwabta suka leƙo.

"Kawu! Najasa a cikin abincinmu? Da me zan fuskanci Ubangiji?"

Ya ce, "Haba Zara, ina baƙo a nan? Wannan na Gwaggonki Hasiya ne, wannan na Baba Sale. Ki gaishe su mana."

Tun daga nan benen sama na firigo ya zama nasa. Kuma ba a gayyatarsa biki a huta. Ana rabon goro, shi yana kusurwa ya tsare tsohuwa: wa ya haifi wa, wa ya auri 'yar baffansa, wa ya mutu yana yawan ƙishirwa. Mutane su ce, "Lokotoro, babban likita, yunwa ke kashe jama'a, kai kana farautar sukari?" Ya ce, "Fari zai wuce. Wannan a gida yake kwana."

Wata rana ya ce zai rage mini hanya a motarsa zuwa wata gaisuwar rasuwa a Tondibiya. Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, suna tare motoci suna binciken hatsin taimako da ake karkatarwa. Suka tsayar da mu. Wani saje mai ƙaton ciki ya buɗe bayan mota, ya ɗaga murfin wani akwatin ƙanƙara na Kawu, ya ja da baya.

"Jinin wa ke nan?"

Ni kam na fara karanta duk abin da na haddace. Kawu kuwa ko takarda bai fiddo ba. Ya zuba wa sajen ido, ya dubi gorar ruwan da ke hannunsa.

"Tun da muka tsaya kake kurɓar ruwan nan. Kana yawan tashi fitsari?"

"Tsoho, da soja kake magana!"

"Na ga kakin. Mahaifinka na da rai? Ya ƙafarsa?"

Sajen ya sauke gorar. Can ya ce, a hankali, "An yanke."

Jama'a, da idona na ga soja zaune a kan dutse, bindiga a cinya, ya kau da kai kamar yaron goye, Kawu na tsira masa allura yana ɗibar jini. Muka isa Tondibiya an riga an shafa fatiha. Na ce, "Kawu, yau da an harbe mu fa?" Ya ce, "Da an yi asarar jini mai kyau."

Abin da ya kai ni bango shi ne bin Mariama da ya shiga yi. Ta sha ruwa, yana kallo. Ta zaga bayan ɗaki, ya bi bayanta yana duba ƙasa. Gaskiya ta rame, ba ta rabuwa da randa, amma a shekarar nan wa bai rame ba, wa ba ya jin ƙishirwa? Na tsare shi na ce ya isa, in gidan haya yake so ni da kaina zan nemo masa. Ya kama bakin mayafina ya ja ni bayan ɗaki, ya nuna mini inda ta tsuguna ta yi fitsari. Tururuwa ce ta yi baƙi a wurin, kamar an zubar da zuma.

"Ɗauko mayafinta," in ji shi. Nan take muka nufi asibiti da ita.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Amma kun san me Kawu ya yi da ta samu sauƙi? Faɗa! Wai nata ba irin na Inna babba ba ne, wani iri ne daban na yara, bai bi hanyar da ya shekara yana zanawa ba.

"Inna, kin ɓata mini aiki. Ko ciwo ba za ki yi a kan tsari ba?"

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana."

Shi ya kwashe Gwaggo Hasiya da Baba Sale daga benen sama, ya jera kwalaben ruwan allurar Mariama a wurin. In an ɗauke wuta ya naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma ya tura ƙarƙashin randa, ya zauna gadi. Shi ya koya mata yi wa kanta allura. Kuma mutumin da ya hana duk gida sukari, shi ya buɗe ɗakinsa ya ɗauko ƙwayar sukari ya ƙulle mata a bakin zane, saboda ranar da jiri zai kwashe ta. Malam Isa ya ce, "Kawu, ni ma jirin nan na ɗan taɓa ni." Ya ce, "Ka zauna, zai wuce."

Bai ga ƙarshen bincikensa ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin ruwan sama ya dawo. Ya Allah, ka jiƙan Kawu Ilya, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya mini zuciya, ka haɗa shi da Innarsa da ƙafafunta biyu.

Bayan an share makoki na haɗa wa Malam Isa shayi, na zuba sukari son raina, na motsa. Kil-kil-kil. Na tsaya ina sauraren ɗakin baƙi. Shiru. Hawaye suka zubo mini. Sai Mariama ta taho ta zare cokalin daga hannuna, ta ɗaure fuska irin tasa.

"Mama, rage. Ɗana ya tafi, amma ya bar mini kunnensa."