Ƙarfe Takwas Ɗin da Nake Faɗa wa Inna

Bana shekara tara ke nan da muka kai mahaifiyata, Inna Saratu, makwancinta. Ni ne autanta, Ishaya, matuƙin mota tsakanin Agadez da Iferwan. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, sai kunya ta riƙe mini hannu. Bana na ce a yi ta ta ƙare.

Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a garin nan, kuma Inna ba ta iya ɓoye bangaskiyarta ba, kamar yadda ba ta iya rage barkono a yaji ba. Ƙosai take soyawa a unguwar Dagmanet. Duk ranar da zan yi tafiya sai ta sauke kasko, ta tako har tasha, ta ɗora tafin hannunta mai maiƙo a goshin motata, ta rufe ido. Da ƙarfi take addu'a cikin sunan Yesu, tana roƙon Ubangiji ya tsare ni daga dutse da ruwa da mugun mutum, ya kai fasinja gidajensu lafiya. Abokan aikina duk Musulmi ne, kuma ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Ni kaɗai nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta juya baya sai in ɗauki tsumma in goge sawun hannunta.

Daga baya na samo dabara. In zan tashi ƙarfe shida, sai in ce mata takwas. Kafin ta iso na yi nisa. Idan na dawo in ce mota ce ta cika da wuri, ita kuma ta ce, "To, Auta, mun gode wa Allah." Shekara huɗu ina wannan wayo, ina ganin ba wanda ya kai ni.

A cikin shekarun nan ne, wata damina, motata ta mutu a bakin wani kori kafin Iferwan, irin ƙoramar nan da take bushe ƙayau sai an yi ruwa a duwatsu. Na fito ina ta zagin inji. Ban gama zagin ba sai ga ruwa ya gangaro da itatuwa da mushen jaki, ya cika korin, daidai inda da motar ba ta mutu ba da muna ciki. Fasinja suna ta salati. Ni kuwa da na dawo gari, labarin da na baza shi ne na hango alamar ruwa na taka birki. Har tsarewar Allah sai da na sace na sa a aljihuna.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar zaman makokin Inna, Baba Sidi, dattijon da ke tsara lodi a tasharmu, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ishaya, ka san tsohuwar nan ba ta taɓa fashi ba? Ƙarfe takwas daidai take zuwa, ta tsaya inda motarka ta ɗigar da baƙin mai, ta yi addu'arta a nan. Wata rana na ce mata ai tun shida ka tashi. Sai ta ce, 'Na sani, Malam Sidi, kunya yake ji, kada ka faɗa masa. Allah ya san hanyar Iferwan, ba sai na nuna masa mota ba.'" Ban iya ɗaga kai na dubi dattijon nan ba.

Yau motata biyu, da wayar salula mai nuna hanya. A majami'a ana cewa Ubangiji ya yi mini tagomashi. Da Inna tana nan, na san za ta juya salular nan ta tambaye ni ko tana tare kori. Ta kuma yi murna, ba tare da ta tuna mini komai ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Da can na ɗauka tsarewar Allah lada ce ta masu tsayawa da gaskiya. Ni shaida ne ba haka take ba. Wanda ya ji kunyar sunan Yesu a tasha, ya yi wa uwarsa ƙarya, shi aka tsayar a bakin kori. Alheri ne kawai, ban cancanta ba, kuma ban ma ce na gode ba sai da mai roƙa mini ta tafi.

Kaskonta ya yi tsatsa, ɗakinta wasu ne a ciki. Abin da ya rage nata shi ne addu'ar nan. Yanzu ni nake ɗora hannu a goshin mota in yi ta da ƙarfi a gaban kowa, Baba Sidi yana jira in gama kafin ya sallame ni. Amma da na sani ƙeya ce. Duk inda ƙarfe takwas ta same ni a hanya nakan sassauta gudu, don na san baƙin man yana nan a tasha, ba kowa tsaye a kansa.