Motar Baba Ba Ta Kwana Tana Kallon Bango

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Babanmu, Malam Isa na Gyaɗi-Gyaɗi, Allah Ya ji ƙansa da rahama. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙurin zama ina jera kalmomi, in zan faɗi abu faɗa nake yi in tashi. Bana ce ta tilasta ni. Wani abu ya faru a gidanmu a bazarar da ta wuce, tun daga ranar maganar take tsaye mini a wuya.

Baba ba bakanike ba ne. Aikin sito ya yi har ya yi ritaya, ya dawo gida da wata tsohuwar farar mota mai giyar hannu wadda ta girme ni. In dai ba babban aikin inji ba ne, bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Batir, fulogi, madubi, har siririn ƙarfen adon da ke gefen ƙofofi, duk da hannunsa yake yi. Da ɓarayi suka fara ɓalle wa mutane kayan jikin mota a unguwa, wuni ya yi yana bin ƙarfen adon nan da ribit, irin ƙusar da in an danne ta ba ta ciruwa, ya ce duk mai son ɗauka sai dai ya haɗa da ƙofar.

Sai ciwon suga ya fara cin idonsa. Yayana Nura yana karatu a Zariya, ni kaɗai ce a gida, ina ajin farko na babbar sakandare. Haka na zama hannun Baba. Kowace Juma'a da yamma zai zauna a benci, ni in buɗe bonet. In duba ruwan batir, in wanke farin dattin da ke taruwa a kawunansa da ruwan zafi, in tayar da mota ya saurara. Da kunne yake gane fulogin da ba ya ba da wuta. Wayoyin fulogin guda huɗu kuwa, ya ɗaura wa kowacce zare mai ƙulli, ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu biyu, don ko bai gani ba yatsunsa su gaya masa wacce ce wacce. Na tsani aikin nan a lokacin. Ƙawayena suna lalle, ni farcena baƙi ƙirin. Kullum faɗanmu ɗaya ne, ina sauri, shi yana cewa in koma in sake. Sarkin gaggawa yake kira na.

Da Umma ma suna da nasu faɗan. In fulogi ya jiƙe da fetur, a wutar rishonta yake busar da shi, ita kuma ta yi ta mita wai girkinta zai yi warin gareji. Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya bar wa wani.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba a barin tanki ya bushe. Ba a cire batir a yi wani aiki da shi, ko na minti ɗaya. Sannan mota ba ta kwana tana kallon bango. Da kansa ya sa aka yi masa ɗan tudu na siminti a ƙofar gida, kullum da baya ake hawa da ita, hancinta na kallon hanya, don ko batir ya gaza a sake ta ta gangara ta tashi. Ba son mota ne ya kai shi ga haka ba. A lokacin ita kaɗai ce mota a lungunmu. Mai naƙuda, yaron da ya ƙone, tsohon da ya yanke jiki ya faɗi, duk ita ce ta kai su asibiti. Yana cewa motar da ba za ta tashi lokacin da ake kuka ba, tarin ƙarfe ce kawai.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga lungun yau. Motoci sun yi yawa, amma rabinsu a ajiye suke an lulluɓe da tamfol tunda mai ya yi tsada. Batir na yanzu a rufe yake, ba ka ganin cikinsa, ranar da ya ga dama ya mutu ba sallama. Masu motar ma da yawa ba su san inda ake buɗe bonet ba, waya kawai suke ɗagawa. Lungun ya matse, har wani ya kafa shagon cajin waya a daidai ƙarshen gangaren Baba, sai mota ta yi dabara take wucewa. Ina jin da ya girgiza kai ya yi shiru, don shi ba mai surutu ba ne. Ni ce mai surutun.

Bayan rasuwarsa motar ta zauna a hannunmu. Yaya Nura ke hawa, ni ke duba ta. Ya yi aure, ya zauna da matarsa Anti Hafsat a ɓangaren gidan. Anti Hafsat ba ta taɓa ganin Baba ba, sai a hoto. A bazarar nan tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura, kanta yana yawan ciwo, ga zafin da kowa a Kano ya sha, ga rashin wuta. Ba ta iya barci. Ashe Yaya ya samo wata 'yar fanka mai aiki da batir, kullum sai ya cire na motar ya kai mata ɗaki, da asuba ya mayar kafin in fito. Ya san abin da zan ce, shi ya sa bai bari na sani ba.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, da ake hana ababen hawa fita da safe. Ina wanke-wanke na ji Umma tana salati da ƙarfi. Anti Hafsat ce ta faɗi tana jijjiga, irin ta masu ciki, idonta ya juye, kumfa a bakinta. Umma ta kwantar da ita a gefe ɗaya. Kafin in gane abin da ake ciki, Yaya ya fita da batir a rungume, ashe ranar bai mayar da shi da asuba ba. Ya ɗaura, ya murza mukulli. Na ji injin yana nishi, kowane juyi ya fi na baya sanyi, shi kuma yana ta danna totur kamar zai fasa shi. Lokacin da na iso, warin fetur ya cika wurin, mota kuma ta daina ko nishin, sai ƙas-ƙas.

Babu adaidaita sahu ko ɗaya a titi. Alhajin da ke maƙwabtaka da mu ya yi tafiya da mukullin motarsa. Ta gidan gaba ta yi watanni a ajiye, ba mai, tayoyi a ƙasa. Samarin lungu biyu suka ruga babban titi ko za a dace, sauran suka taru a bayan motarmu. Yaya ya ce a tura ta, har ya kai hannu zai saki birkin hannu.

Na zura hannu ta taga na zare mukullin.

Gangaren Baba sau ɗaya yake ba ka dama. In mota ta sauka ba ta tashi ba, gabanta yashi ne da ramuka, ba za a sake samun gudun da zai tayar da ita ba. Na kuma san fulogin nan sun sha fetur sun jiƙe sharkaf, ko daga saman Dala aka sako ta ba za su ba da wuta ba. Na gaya musu haka, ba da daɗin baki ba. Na ce duk wanda ya saki birkin nan yanzu, shi ya bar ta a gida.

Yaya ya kalle ni kamar bai taɓa sanina ba. Ya ce, “Bilki, matata ce take mutuwa a ciki, ke kina nan kina wasan kanikanci?”

Na ce, “Yaya, je ka ɗauko ta ka kwantar a baya. Kafin ka gama na gama.”

Ƙarya na yi masa, na san ba zan gama ba. Amma ya tafi, abin da nake so ke nan. Na buɗe bonet, na fizge wayoyin, na sa sifana. Fulogin farko ya fito yana ɗigar fetur. Na ruga da shi cikin gida ina tunanin inda ashana take. Sai na tarar Umma ta bar Anti Hafsat a hannun matan maƙwabta, ta kunna gas, tana tsaye da filayar Baba a hannu. Ban ce mata komai ba, ba wanda ya gaya mata. Matar da ta yi shekaru tana faɗa a kan wannan aikin. Ta ce, “Miƙo nan, je ki ciro na gaba.”

Haka muka yi, ina cirowa tana busarwa, ina goge bakinsu da samfefa. Aka fito da Anti Hafsat, jijjigar ta lafa amma ba ta san inda take ba, numfashinta yana fita da gurnani. Ina jin sa daga inda nake sunkuye. Wata mata ta ce a kira malam, wani ya ce a ɗauke ta a baro. Wani dattijo ya ce yarinyar nan fa ta cika taurin kai, a ƙwace mukullin. Ban ɗago ba.

Wurin mayarwa ne na kusa lalata komai. Baba ya sha gaya mini da yatsu ake fara ɗaura fulogi, sai ya zauna daidai sannan a sa sifana, in ba haka ba ya shiga a karkace ya cinye zaren wurin. Fulogin da zafinsu, tsumman da na riƙe bai hana su cin yatsuna ba. Uku sun shiga lafiya. Na ƙarshe ya cije tun a juyin farko. Sifana tana hannuna, Yaya yana tsaye a kaina yana kiran sunana, jikina duk yana ce mini in danna da ƙarfi a wuce wurin. Wallahi a lokacin kamar Baba yana kan bencinsa yana cewa sarkin gaggawa, koma ki sake. Na warware shi, na sake somawa a hankali. Ya zauna. Wayoyin kuwa ban ko kalle su ba, ƙullin zaren Baba na laluba, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ni na shiga mazaunin direba, don ana buƙatar ƙarfin Yaya a baya. Umma ta ɗora kan Anti Hafsat a cinyarta. Na murza mukulli, fitilun gaban sitiyari suka kawo dishi-dishi, alamar akwai ɗan sauran rai a batir. Na taka kuloci, na sa giya ta biyu, na saki birki, na ce su tura. Na bar ta ta gangara har sai da shagon cajin ya zo mini daf, sannan na ɗaga ƙafa. Ta yi tsalle, ta yi tari, ta yi shiru. Shirun nan ban san tsawonsa ba, amma har yau yana dawo mini. Sai ta kama.

Ban samu damar yin dabarar wucewa ba. Gefen motar ya gogi kusurwar shagon, na ji ƙarfen adon da Baba ya bi da ribit yana yagewa. Ban tsaya ba, a guje Yaya ya faɗo ciki. A mahaɗar da za a hau babban titi ma'aikatan tsafta sun gindaya benci. Ina tsoron in tsaya ta mutu, sai Umma ta fito da kai ta taga, mayafinta a kafaɗa, tana cewa mai ciki ce, a buɗe. Allah Ya saka musu da alheri, kafin mu iso sun janye.

Aiki aka yi wa Anti Hafsat a asibiti a ranar. Ta rayu. Jaririyar ta zo ƙarama, ta yi makonni a kwalba, yanzu ga ta nan tana cika mana gida da kuka, Humaira. Ba zan ce ni na cece su ba, Allah ne, sai likitocin da suka karɓe ta. Abin da na sani shi ne mun isa.

Da hankali ya kwanta na yi wa Yaya tatas a kan batir, ban rage komai ba. Na ce da Baba yana nan da Yaya ya gane kurensa. Umma ta ce ban san Babana ba. Ta ce lokacin da take da cikina an yi zafi irin wannan, bai taɓa batir ba, amma mafici ya ɗauka ya yi ta yi mata fifita har hannunsa ya sage. Ta ce da yana nan ba zai yi faɗa ba, mafici zai miƙa wa Nura, shi ke nan. Yaya ya sunkuyar da kai.

Mai shagon caji ya kawo mana ƙarfen adon a lanƙwashe. Na miƙar da shi, na mayar da sabon ribit. Ya ɗan karkace, da Baba ya shafa da hannu da ya ce in sake. Na bar shi haka.

Baba bai bar mana wani abin a zo a gani ba. Motar ma na san wata rana za ta tsaya tsayawar da ba fulogin da zai tashe ta. Na daɗe ina zaton abin da ya sani a hannuna kaɗai ya rage, har ina damuwa da ranar da zan bar gidan. Yanzu na daina. Na ga filaya a hannun Umma. Shekaranjiya kuma Yaya ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya hau tudun da gaba, ya kashe mota ya fito. Ina shirin buɗe baki, sai Anti Hafsat, da ke zaune a zaure da jaririya a kafaɗa, ta riga ni. Matar da ba ta taɓa jin muryar Baba ba.

Ta ce, “Abban Humaira, juya ta. Motar gidan nan ba ta kwana tana kallon bango.”

Yaya ya koma cikin motar, ya tayar, ya juya ta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya sa Aljanna ce makomarka.